Tela Mai Ciwon Baya da Neman Takalmin Gudu

Ni tela ne, ɗan tela. A zauren gidanmu na buɗe ido na ga keken ɗinki, irin mai takawa da ƙafa, kuma a kan kujerar da mahaifina ya bari na ci gaba da zama bayan rasuwarsa. Ƙauyenmu yana ƙasar Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida ke hango gida. Ba ka fita bayan gari ka ce ka kaɗaita. Duk inda ka juya akwai mai noma ko mai kora awaki da ya san ka, ya san ubanka.

Bayana ya riƙe ne a ƙarshen wani rani da bukukuwa suka yi yawa, ɗinki ya taru min har ina cin tuwo a kan keke. Almakashi ne ya faɗi ƙasa, na sunkuya zan ɗauko, sai na ji kamar an soka min tsinke mai zafi a ƙugu. Na kasa miƙewa. A haka maiɗakina ta same ni da ta leƙo da kunu, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a ƙafar keke.

An yi duk abin da ake yi. Wanzami ya zo ya kafa min ƙaho, aka shafa man zafi, na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci har harshena ya daina banbance su. Na ɗaure ƙugu da tsohon rawanin mahaifina. Ciwon ya ɗan lafa a baya, sai kuma ya gangara ƙafar hagu, yana tsuka har ɗan yatsa. Na rasa inda zan ajiye jikina. In na zauna baya ya ce tashi, in na tsaya ƙafa ta ce zauna, in na kwanta sai juyi kamar waina a tanda. Na kan fara ɗinka wuyan riga, kafin in kai aljihu na miƙe na kewaya zaure, na leƙa waje, na dawo. Masu zuwa hira wurina suka fara raguwa, don ba daɗi hira da mutumin da bai iya zama ya saurare ka.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na shiga mota zuwa birni. Likita ya duba ni, aka ɗauki hoton bayan, sannan ya tura ni sashen gashin ƙashi. Can na tarar da wata ma'aikaciya 'yar gajeruwa mai tabarau, mai magana da sauri. Ta sa na kwanta, na ɗaga ƙafa, na lanƙwasa gwiwa, ta koya min wasu motse-motse da zan riƙa yi a kan tabarma.

"Malam, yaya zamanka yake a wurin aiki?"

"Daga hantsi har magariba, Likita, in ban da salla."

"To zaman nan shi ke cin ka. Ka fara tafiya a ƙafa kullum, a ƙasa, ba kan kwalta ba. In jikin ya karɓa, na sake duba ka na yarda, sai ka riƙa sa 'yar sassarfa a tsakani." Ta dubi silifas ɗina da suka siɗe har dunduniyata na shafar ƙasa. "Amma ba da waɗannan ba."

Ta yi min bayanin irin takalmin da zan nema, bayani mai tsawo. Ni kuwa hankalina yana kan yadda zan jure zaman mota in koma gida. Kafin mu fita daga cunkoson birni, an matse ni tsakanin wani mai buhun gishiri da ƙofar mota, rabin maganarta ta zube. Abin da na riƙe kawai shi ne, takalmi mai igiya, mai rufe ƙafa.

Ranar kasuwar Minjibir na sayi farin kambas, irin wanda 'yan makaranta ke sawa ranar fareti. Mai igiya ne, mai rufe ƙafa. Na saka shi bayan asuba na bi hanyar rijiya. Ƙasansa siriri ne kamar fatar ganga, duk tsakuwar da na taka sai na ji ta a ƙuguna. Na daure na wasu kwanaki, ina cewa sabo ne, zai saba da ni. Ranar da na dawo ina jan ƙafar hagu, maiɗakina ta ɗauke shi ta jefa ƙarƙashin gado.

Da na koma asibiti na faɗa wa ma'aikaciyar, ta cire tabarau ta share ido don dariya. Wannan karon na buɗe kunne. Ta ce ƙasan takalmin ya zama mai kauri daidai, ya tare dukan ƙasa kafin ya iso baya, amma kada ya yi laushin da ƙafa za ta riƙa lilo a ciki. Ya kama dunduniya da kyau. Gaban ya bar wa yatsu wurin shimfiɗewa. In na lanƙwasa shi da hannu ya lanƙwasu a wurin yatsu, ba a tsakiya ba. Ta ce in je da safa, in gwada da rana bayan ƙafa ta sha tafiya ta kumbura, kuma kada in ji kunyar yin tafiya da shi a gaban mai kaya.

Daga nan na wuce kasuwar 'yan gwanjo. Ban taɓa ganin takalma da yawa haka ba: an wanke su, an ƙulla igiyoyinsu biyu-biyu, an rataye wasu, an zube wasu tsibi-tsibi a kan leda. Na tsaya a rumfar wani mai ƙiba da ke fifita da kwali.

"Alhaji, na yaro ake nema? Ɗan shekara nawa?"

"Ni zan saka."

Ya dube ni daga hula har ƙafa, doguwar rigata da aljihun gaba cike da alli, ya ce, "To, madalla." Ya zaro wani shuɗi mai ratsin ruwan lemo, ƙasansa tuɓus-tuɓus kamar burodi. Ni kuma idon tela ya ci ni. Na juya shi na duba ɗinkin, na ga layi miƙe sambal, babu zaren da ya tsallake, na ji ya kwanta min a rai. Na zura ƙafa ɗaya ina zaune, na ce ya yi.

Kwanakin farko kamar a kan katifa nake tafiya. Daga baya sai wani sabon ciwo ya ɓullo a kwatangwalon dama, wurin da bai taɓa damuna ba. Na rasa dalili. Wata rana ina share teburin yanka na ɗora takalman a kai, na koma baya zan ɗauko tsintsiya, sai na hango su daga dunduniya. Na dama ya karkace gefe guda kamar rumbun da ruwa ya ci gindinsa. Wanda ya fara sa shi, a wata ƙasa da ban sani ba, yana taka gefen ƙafa ne, ya cinye shi ta nan, ni kuma na ɗauki tafiyarsa na ɗora wa bayana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana na yi ina tsaki. Ga ɗinkin mutane a jibge, ga ni ina yawon takalmi kamar mai haɗa lefe. Na so in bar zancen gaba ɗaya. Amma na riga na ɗanɗani abin da tafiyar safe ke yi min: duk ranar da na fita, na kan iya zama a keke har in gama riga guda ban miƙe ba.

Na koma rumfar mai ƙiban nan bayan azahar, da safata a aljihu. Na ce ya ba ni benci. Duk wanda ya miƙo sai na ɗora shi a kan bencin na duba tsayuwarsa, na murɗa shi, na danna dunduniyar da babban yatsa, na saka ƙafa biyu na ɗaure, na bi layin rumfuna har wurin masu jakunkuna na dawo. Maƙwabtansa suka fara yi masa tsiya, wai ya samu mai gwajin kaya kyauta.

"Alhaji, don Allah, amarya ma ba a zaɓenta haka."

"Ita amarya ai ba a taka ta, Malam."

A wurin nan na gano wani abu da ya ba ni kunya da dariya. Duk wanda ya yi wa ƙafar dama daidai sai ya matse babban yatsan hagu. Ashe ƙafata ta hagu ta ɗara ta dama. Ni da nake auna kafaɗun mutane tun ban yi gemu ba, ban taɓa auna ƙafata ba. Ana kiran la'asar na tsaya a kan wani mai ruwan toka, mummuna, mai faɗin baki kamar tarwaɗa, lambarsa ta fi wadda na saba sawa. Ƙasansa bai ci ba ko ta ina. Da na yi tafiya da shi ban ji shi a ƙafata ba, ban kuma ji ƙasa a bayana ba.

Lokacin damina ta kankama. Ma'aikaciyar ta sake duba ni, ta ce in fara sassarfa kaɗan-kaɗan, in yi 'yar tafiya, in yi ɗan gudu, in koma tafiya, kuma duk sanda ciwo ya sauka ƙafa in tsaya. Matsalar ita ce a ƙauyenmu magidanci ba ya gudu haka kawai. In ka ga mai iyali yana gudu, to gobara ce, ko sa ya tsinke, ko an yi rasuwa. Ranar farko wani dattijo da ke cirar ciyawa ya yar da fartanya ya biyo ni yana tambaya me ya faru. Sai na riƙa bari in shige tsakiyar gonaki, inda gero da dawa suka fi ni tsayi, in bi 'yan siraran hanyoyin da ke raba gona da gona. Raɓa ta jiƙa min wando har gwiwa, ganyen dawa na yankar damtse, ba mai ganina sai kanari da kurciyoyi.

Daga nan abin ya shige ni. Da an sallame sallar asuba ƙafafuna suke fara ƙaiƙayi, ban iya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci. Na ɗinka wa kaina wando mai sauƙi da 'yar riga marar aljihu. In ruwan safe ya hana ni fita, sai in yini ina faɗa da zare, ina kewaya zaure. Kullum kuma sai na ƙara nisa, in ce bari in kai waccan tsamiyar, in na kai in hango wata kukar.

Inna, mahaifiyata, tana ɗakinta a cikin gidan, kusa da rumbu. Ni ne autanta. Na lura ta rage yi min magana, in na wuce sai ta bi ni da ido. Wata safiya na tarar an yayyafa wani ruwa a kan takalmana. Maiɗakina ta ce min a hankali, rubutu ne Inna ta karɓo, tana tsoron ko kurciya aka yi min, asirin nan da ke hana mutum zaman garinsu har ya shiga uwa duniya. Na yi dariya na ce tsufa ne. Ban je na zauna da ita na yi mata bayani ba, kullum ina cewa sai anjima.

Akwai wata safiya da aka kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, iska ta yi sanyi, bayana bai ce uffan ba. Na wuce tsamiya, na wuce kuka, na gangara fadama na haura. Ban farga ba sai ga ni a bakin ƙauyen da yayata take aure, wurin da ban taɓa zuwa ba sai a kan babur. Ƙishi ya kama ni, na ce bari in shiga in sha ruwa mu gaisa.

Tana tsakar gida tana surfe. Ta ɗago ta gan ni: ba hula, jiƙe sharkaf, taɓo har ƙauri, ina haki sallamar ma ta ƙi fita. Taɓaryar ta faɗi daga hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Auta, Inna ce?"

Na ɗaga hannu ina nufin a'a, ina neman numfashi. Ita kuwa ta ɗauka cewa nake ta yi haƙuri. Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Kafin in haɗa kalma biyu matan maƙwabta sun cika gidan suna salati, wata har ta riƙe ta kada ta faɗi.

"Yaya, lafiya lau! Inna na nan ƙalau. Motsa jiki nake yi."

Ta dube ni, hawaye na zuba, ta dubi takalman nan masu bakin tarwaɗa.

"Motsa me?"

Ba ta yarda ba. Ta ce ɓoye mata nake yi, shi ya sa ban kira a waya ba na tako da kaina. Ko da aka kira gida ta ji muryar Inna, ta ce sai ta gan ta da idonta. Mijinta ya ɗauke ta a babur, ni kuma aka tsayar min da ɗan acaɓa. Hanyar duk ramuka ce da ruwa ya haƙa. Nisan da na yi ya riga ya wuce ƙarfina, girgizar babur ta ƙarasa sauran. Da muka isa ƙofar gida sai da aka kama ni aka sauke.

A ɗakin Inna aka shimfiɗa min tabarma, don nan ya fi kusa. Yayata ta yi faɗanta ta gaji, ta sha fura, suka koma kafin azahar. Aka bar ni da Inna, ina kwance rigingine ina kallon azara, ita tana zaune a bakin gado tana jan carbi.

"Auta, ka san kana da kawu da ya tafi."

Na ce na sani, an ce ci-rani ya je bai dawo ba.

"Haka muke faɗa wa yara. Ba ci-rani ba ne. Ni nake bi masa, ɗaki ɗaya muka tashi. Haka ya fara, kamar kai. Ba ya iya zama. A ba shi tuwo ya ci a tsaye. Da asuba ya fita bayan gari, ya dawo da hantsi, a tambaye shi ina ya je ya ce babu. Kullum yana ƙara daɗewa. Ran nan na ajiye masa kunu, har ya huce, har ya yi tsami." Ta murza carbin. "Innarmu har ta rasu in ta ji taku a zaure sai ta ɗaga kai."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka a kansa ba. Na faɗa mata komai tun daga farko, abin da likita ya gani a hoto, abin da ma'aikaciyar ta ce game da zama, da yadda na sha wahalar neman takalmin. Na sa aka miƙo mata ƙafa ɗaya. Ta karɓa da yatsu biyu, ta juya shi, ta danna ƙasansa, ta leƙa ciki.

"Wannan abin ne magani?"

"Yana cikin maganin, Inna."

"To ban hana ka ba. Amma ba ka ƙara fita ban san inda ka nufa ba. Ka tsaya a ƙofar nan ka faɗa min, gabas ko yamma, kuma ka dawo ta inda ka ce."

Na jima a kwance kafin in iya shiga mota. Da na koma asibiti ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce takalmi mai kyau yana rage dukan ƙasa ne kawai, ba ya ba mutum sabon baya, kuma na yi gaggawar da ta hana ni. Ta mai da ni farko, tafiya zalla, da motse-motsen tabarma da na yi watsi da su tun da gudu ya yi min daɗi. Hakan ya yi min wuya fiye da ciwon. Ƙafa na son tashi, ina riƙe ta kamar mai riƙe da ɗan maraƙi. Na sa kafinta ya ƙara wa teburin yanka tsayi don in riƙa yanka a tsaye, na kuma koyi miƙewa daga keke tun kafin baya ya kore ni.

Bayan bai warke sarai ba har yau. In na yi ganganci da zama, ko na ɗauki buhu ba daidai ba, yana tuna min. Amma ina ɗinkina, ina kuma 'yar sassarfata daidai gwargwado. Mai ruwan tokan nan ya yi min aiki har ƙasansa ya shafe, na sake wani irinsa, bayan na sake ɓata wa mai rumfar yini guda.

Inna kuwa ba ta daɗe ba ta gano amfanin sharaɗinta. Da farko in na tsaya a ƙofarta na ce yau gabas zan yi, sai ta ce Allah ya kiyaye. Daga baya ta fara cewa, tunda gabas ne, in biya gidan mai daddawa in ce ta ƙare. In yamma ne, in leƙa wata ƙawarta da ke fama da gwiwa in ji yadda ta kwana. Yanzu ita ke zaɓa min hanya tun da daddare ta aiko a faɗa min. Shekaranjiya sai da na dawo ina sassarfa da ƙullin daddawa a hannu ɗaya, ɗan kwanon man shanu a ɗayan, ina lallaɓa shi kada ya zube. Ta buɗe kwanon ta shinshina, ta ce wannan ba na jiya ba ne, gobe in mayar in ce a canza.